Ana Iya Ƙara wa Mota Baƙin Mai Alhali Injin Yana da Zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Camry ƙirar 2008 mai silinda huɗu, kuma tana ɗan shan baƙin mai. Na taso daga Kano zan je Abuja, na tsaya shan fetur a Zariya, da na ja gejin baƙin mai sai na ga mai ya kusa alamar ƙasa. Na ɗauko galan zan ƙara, wani direba ya hana ni, ya ce idan na zuba mai mai sanyi a inji mai zafi zai tsage, sai dai in jira ya huce gaba ɗaya. Shin gaskiya ne? Idan ba haka ba ne, yaya ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injinka ba zai tsage ba don ka ƙara masa baƙin mai yana da zafi. Ka kashe motar a wuri mai shimfiɗa, ka ba ta minti goma zuwa sha biyar, ka sake auna geji, wato siririn ƙarfen da ake jawowa a ga yawan baƙin mai, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan. Ba sai ya huce gaba ɗaya ba. Injin da ya yi gudu daga Kano zuwa Zariya yana iya ɗaukar awanni kafin ya koma sanyi, balle a watan Afrilu, kuma babu wata fa'ida da wannan dogon zama zai ƙara wa motar.

Direban da ya hana ka da kyakkyawar niyya ya yi, kuma tsoronsa yana da tushe, sai dai ya ɗora hukuncin ruwa a kan mai. Abin da ya sani, ko ya taɓa gani da idonsa, shi ne mota ta ɗauki zafi, ruwan lagireto ya ƙone, wani ya kwarara mata ruwan sanyi nan take, daga baya a tarar tof silinda, wato kan injin, ya lanƙwashe ko ya tsage, gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ta ƙone. Wannan yana faruwa, domin ruwa yana zuƙe zafin ƙarfe da sauri ƙwarai, gefe ɗaya ya tsuke alhali ɗaya gefen yana buɗe. Baƙin mai ba haka yake ba. A hankali yake karɓar zafi, ba ya tafasa a zafin da inji ke aiki, kuma ɓangarorin da yake bi ta kansu dama a cikinsa suke wanka tun da aka tada motar. Dubi mai tuyar ƙosai: tana ƙara mai a kasko yana kan wuta ba ta ko waiwaya, amma ba ta yarda ɗigon ruwa ya faɗa ciki. Ka kuma duba yawan abin: injinka yana ɗaukar kimanin lita 4.3 idan an haɗa da filta, kai kuwa rabin lita ko lita ɗaya za ka ƙara, daga galan ɗin da ya wuni a but cikin zafin rana. Kafin ya gangara ya isa kwanon da ke ƙasan inji, wanda muke kira botom filet, ya riga ya ɗumama.

To me ya sa na ce ka jira minti goma? Jiran don gejin ne da kuma fatar hannunka.

Lokacin da inji ke aiki, famfon mai yana tura baƙin mai sama: cikin tof silinda, kan kamshaf, cikin ƙananan hanyoyin da aka huda a jikin inji, cikin filta. Da ka murɗa makulli ka kashe, wannan man ba ya faɗowa lokaci guda, tsiyayowa yake yi. Geji kuma man da ya taru a ƙasa kaɗai yake gani. Idan ka ja shi minti ɗaya bayan tsayuwa, zai nuna maka ƙasa da abin da ke cikin injin a zahiri. Shi ya sa nake so ka tuna, a Zariya, minti nawa ka yi da kashe motar kafin ka ja gejin? Idan kana tsayawa ka buɗe bonet ka ja, mai yiwuwa man bai yi ƙasa kamar yadda ka gani ba. Littattafan Toyota da kansu cewa suke yi a auna mai bayan inji ya yi ɗumi, a kashe, a jira fiye da minti biyar. Ni nakan ce goma, don a lokacin ƙarafan sama sun ɗan sarara. Akwai kuma wani ƙaramin bambanci: mai yana kumbura idan ya yi zafi, don haka awon da ka yi da rana a kan hanya zai ɗan ɗara na safiya. Bambancin ba shi da yawa, amma ya isa ya sa kada ka dage sai ka kai mai daidai kan layin sama.

Wurin da ka tsaya ma yana da muhimmanci. Gefen titi galibi a karkace yake don ruwan sama ya gangare, kuma mota a karkace ba ta ba da awo na gaskiya. Dandamalin gidan mai ya fi, amma ka matsa daga bakin famfo, ka ja burkin hannu.

Batun hannu kuwa, shi ne abin da ya fi damuna, domin shi na fi gani. Baƙin mai a cikin injin da ya yi tafiya yana kaiwa digiri 100, wani lokaci ya wuce. Bututun da hayaƙi ke fita ta cikinsu daga jikin inji, wato kan salansa, suna kaiwa ɗaruruwan digiri. A irin injinka waɗannan bututun a gaba suke, tsakanin inji da lagireto, an rufe su da wani farantin ƙarfe, kuma hannunka ta kusa da nan yake bi idan za ka ja geji. Taɓawa ɗaya ta isa ta sale fatar gwiwar hannu. Sannan fanka: a motoci da yawa fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko an kashe inji, muddin na'urar da ke auna zafin inji ta ji zafi. Kada ka dafa hannu a wajen. Idan babbar riga ce a jikinka ka naɗe ta a kafaɗa ko ka cire, hannun kaftani ka nannaɗe, carbi ya koma aljihu. Mata masu tuƙi su tattara hijabi ko mayafi ta baya kafin su sunkuya.

Kada ka taɓa ƙara mai inji yana aiki. Wasu suna barin mota a silo wai don man ya "shiga da kyau". Da ka buɗe murfin, abin da ke juyawa a ƙarƙashinsa zai fantsamo maka mai mai zafi, fanbel yana juyawa kusa da tufafinka, kuma geji ba zai faɗa maka komai ba. Ina ganin ruɗanin daga man giya ya samo asali, domin a motoci masu giyar otomatik da yawa ana auna man giya ne inji yana aiki. Wancan gejin daban ne. Na baƙin mai galibi kansa rawaya ne, na man giya ja ko ruwan lemo. Ka tabbatar wanda ka ja.

Bayan minti goman, ja gejin, ka goge shi tas da tsumma mai tsabta. Ina jaddada tsabta saboda tsumman da ya kwana a ƙasan but yana ɗauke da yashi, kuma yashi shi ne babban maƙiyin mital, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, da ringin fistin. Mayar da gejin har ƙarshe, ka ɗan dakata, ka sake jawo shi, ka riƙe shi bakinsa yana kallon ƙasa ko a kwance, kada ka ɗaga shi sama mai ya gangaro ya ruɗe ka. Duba ɓangarorin biyu, ka yarda da wanda ya fi nuna ƙasa. Za ka ga ɗigo biyu ko layi biyu. Tazarar da ke tsakaninsu a yawancin ƙananan motoci lita ɗaya ce zuwa lita ɗaya da rabi. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ka riƙe a kai: idan mai yana tsakiya, babu gaggawa, idan ya kusa ɗigon ƙasa, rabin lita zuwa lita ɗaya kake bukata, ba galan ba.

Ɗora tsumma a kan murfin baƙin mai, ka murɗa a hankali. Shi wannan murfin ba ya tara iska mai ƙarfi a bayansa, ɗan tururi ne kawai zai iya fitowa, don haka ka kawar da fuskarka. Goge ƙurar da ke kewayen bakin kafin ka cire murfin gaba ɗaya, musamman lokacin hunturu. Ajiye murfin inda ba zai faɗa cikin inji ko ƙasa ba. Yi amfani da mazurari. Idan babu, yanke gorar ruwa da ta bushe sarai ka kifa bakinta. Wadda ke da sauran ruwa a ciki ba ta yi ba. Idan daga galan mai lita huɗu ko biyar kake zubawa, kwantar da shi ta gefe, faffaɗan jikinsa yana kallon sama, mai zai fito sumul ba tare da ya riƙa ɓulɓulowa yana fallatsa ba. Zuba kamar kwatan lita zuwa rabi, ka tsaya minti biyu ko uku ya sauka, ka sake aunawa. Da ya wuce tsakiya ya doshi ɗigon sama, ya isa. Mayar da murfi ka ɗaure har ka ji ya zauna, ka tura geji har ƙarshe. Mantuwa da murfi a kan inji tana yawan faruwa ga mai sauri, kuma kilomita kaɗan sun isa mai ya wanke cikin bonet.

Wuce gona da iri wajen zuba mai ya fi yawa a wurinmu fiye da yadda mutane ke zato, domin akwai masu ganin yawan mai alheri ne ga inji. Ba haka ba ne. Idan mai ya hau sama da iyaka sosai, karanshaf yana dukansa a kowane juyi, ya kaɗa shi ya zama kumfa. Famfo ya tura kumfa maimakon mai, kumfa kuwa iska ce, ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Sai ka ga inji cike da mai amma mital yana ci. Bayan haka mai yana matsa wa oyil sil har su fara yoyo, yana bin bututun numfashin inji ya shiga inda ake ƙona fetur, fulogi su jiƙe, shuɗin hayaƙi ya fara fita, na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa ta toshe. A motar gas, wato mai shan dizal, abin ya fi haɗari, domin injin gas yana iya kama baƙin man da kansa ya riƙa ƙonawa, ya yi ta gudu ko an cire makulli. Idan mai ya ɗara layin sama da ɗan kaɗan, ba abin tashin hankali ba ne. Idan ya haura da faɗin yatsa ko fiye, a rage shi. Amma kada ka kwanta ƙarƙashin mota mai zafi a bakin titi ka ce za ka sassauta noti ka rage; man zai zubo a hannunka da zafinsa, notin ya suɓuce, duka man ya tsiyaye. Wannan aikin makanike ne, ko a zuƙe ta bututun geji.

Akwai murfi ɗaya da nake roƙonka kada ka kusance shi a wannan tsayuwar, shi ne murfin lagireto. Mutum ya buɗe bonet don mai, sai zuciya ta ce bari in duba ruwa ma. Ruwan da ke ciki a matse yake, kuma matsin ne ya hana shi tafasa ko da zafinsa ya wuce digiri 100. Da ka sassauta murfin matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska da ƙirji. Munanan ƙunar da ake samu a bakin bonet galibi daga nan suke. Minti goman da suka isa wa baƙin mai ba su isa wa lagireto ba. Idan kana son sanin ruwa, dubi farar robar da ke gefe daga waje, akwai layin sama da na ƙasa a jikinta.

Duk abin da na faɗa a kan inji ne mai zafin aiki na yau da kullum, wanda allurar zafi ke zaune a tsakiya. Idan allura ta haye ja, ko tururi na fita ta ƙarƙashin bonet, magana ta canza. Ka tsaya, ka kashe, ka bar shi aƙalla rabin awa ko fiye, kuma ka sani ƙarin baƙin mai ba zai magance wannan ba. Ruwa ne, ko fanka, ko tamostat, ko famfon ruwa, ko gasket. Haka idan jar fitilar mai, mai siffar buta, ta kama kana cikin tafiya. Mutane da yawa suna ɗauka tana cewa mai ya ɗan ragu ne, sai su ce bari in ƙarasa garin gaba. Abin da take cewa shi ne ƙarfin tura mai ya faɗi, ƙarafa suna gogar juna a bushe. Ka sauka gefe da zarar ka samu wuri mai aminci ka kashe. Jira, auna, ƙara idan ya yi ƙasa, tada motar. Idan fitilar ta mutu cikin 'yan daƙiƙu kuma babu ƙara, duba ƙasan motar ko akwai yoyo, sannan ka tafi a hankali zuwa gareji. Idan ta ƙi mutuwa, ko kana jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, kashe ka nemi a ja motar. Kuɗin janwe bai kai kuɗin injin da ya buga ba. Idan kuma ka ga man da ke jikin geji ya koma kalar madara, ruwa ya shiga cikinsa, ƙari ba zai amfana ba.

Wane mai za ka zuba? Mafi kyau irin wanda aka yi maka juye da shi. Idan ba ka sani ba, dubi murfin. Motocin da aka shigo da su daga Amurka galibi an rubuta a kai, kuma a irin taka za ka ga 5W-20 ko 0W-20, lambobin da ke nuna kaurin mai. Na san da yawa daga cikin abokan sana'armu suna zuba wa kowace mota 20W-50, suna cewa ƙasarmu da zafi. Ga Fijo 504 ko tsohon injin da ya gaji, wannan yana da hujja. Amma injin da ke da tsarin VVT-i, irin naka, yana amfani da baƙin mai ne wajen sarrafa lokacin buɗewar bawul, ta hanyoyi ƙanana, kuma mai mai kauri sosai yana jinkirin isa can, musamman a tashin farko da safe. Ni a irin motarka da ta kwana biyu ba na wuce 5W-30 sai da dalili. Wannan maganar juye ce. A bakin hanya kuwa, idan mai ya yi ƙasa kuma abin da ka samu 10W-40 ne ko 15W-40, zuba. Haɗa kamfani da kamfani, ko sintetik da na gargajiya, ba ya lalata inji. Tafiya da ƙarancin mai ce ke lalatawa. Abin da ba a zubawa ko kusa shi ne man burki, man giya ko man sitiyari.

Ka kuma kiyayi man da ake aunawa daga duro a zuba a tsofaffin gorori a bakin tasha. Ba ka san me ke ciki ba: wani tsohon mai ne da aka tace, wani kuma ɗanyen mai ne da ba a haɗa masa sinadaran da ke kare inji ba. Sayi wanda murfinsa ke a like, ka buɗe da hannunka, ka duba alamar API, mai nuna matakin ingancin mai, a jiki. SN ko SP sun dace da motar fetur irin taka.

Idan mai ya zube a kan inji, goge shi kafin ka tada. Wanda ya ɗiga a kan farantin salansa zai yi hayaƙi da wari na ɗan lokaci, kaɗan ba komai. Mai yawa kuwa yana iya kamawa da wuta, domin baƙin mai yana fara fitar da tururin da wuta ke kamawa daga wajen digiri 200, kuma bututun sun fi haka zafi bayan doguwar tafiya. Kada ka bar tsumman a cikin bonet. Idan, Allah ya kiyaye, wuta ta tashi, na'urar kashe gobara mai gari ko yashi ake amfani da shi, ba ruwa ba, domin ruwa watsa man yake yi. Wannan na'urar da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya ranarta ke nan, don haka ta kasance inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin kaya ba. Idan kuma ka ƙone, sa wurin ƙarƙashin ruwa mai ɗan sanyi yana zuba har kimanin minti 20. Ledojin ruwa ma sun yi idan su ne a kusa. Cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa makilin, ɗanyen ƙwai, fetur ko baƙin mai, kada a ɗora ƙanƙara, kada a fasa bororon. Ƙunar da ta shafi fuska, ido, tafin hannu, ko ta yi faɗi, asibiti za a nufa.

Sauran batun shan man da motarka ke yi. Injin da ke cikinta, 2AZ-FE mai lita 2.4, sananne ne da wannan a ƙirar 2007 zuwa 2009. Matsalar daga fistin da ringin mai take, kuma kamfanin ya amince da ita a Amurka har ya tsawaita garanti a kanta. Saboda haka kada ka jira ranar juye kafin ka duba geji. Duba da safe kafin ka tada mota sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. A lokacin duk man ya sauka, babu abin da zai ƙona ka. Ajiye lita ɗaya a but a tsaye, tare da mazurari da tsumma a cikin leda. Duk lokacin da ka ƙara, rubuta kilomitar da ke dashbod da yawan abin da ka zuba. Zuwa Abuja da dawowa Kano bai cika kilomita 1,000 ba. Idan motar tana shanye lita guda a wannan tazarar, ta kai iyakar abin da za a yi haƙuri da shi, a kai ta a duba. Kafin ka yarda a sauke inji a canza ringi, a fara da abubuwa masu sauƙi: yoyon gasket ɗin murfin sama, oyil sil na gaba da na baya, wajen filta, da ɗan bawul ɗin numfashin inji da ake kira PCV, wanda idan ya toshe yakan sa mota shan mai kuma canza shi ba ya da tsada.